Idon zomona ya yi fari, Apolo ce?

Tambaya: Likita, zomona ɗan wata 7 ne, idonsa na hagu ya yi fari kamar an ɗiga madara. Yana cin abincinsa. Maƙwabciyata ta ce Apolo ce, mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa na mutane. Ina tsoron kada yarana su ɗauka.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba Apolo ba ce. Bairos ɗin da ke kama idon zomo, wato miksomatosis, wanda sauro da ƙuma ke yaɗawa, kumbura fatar ido yake yi, mugunya ta liƙe idon, zomo ya daina ci, sau da yawa ya mutu cikin mako biyu. Naki yana ci, farin kuma a cikin ƙwayar idon yake. Wannan yanar ido ce, kuma a ƙaramin zomo na fi zargin ƙwayar cuta mai suna Encephalitozoon cuniculi, wadda ke shiga idon tun yana cikin uwarsa. A fitsari take fita, don haka yara su wanke hannu, mai raunin garkuwar jiki kuma kada ya share kejin.

Maganin kemis ɗin ne ya tayar mini da hankali. Duba kwalbar yanzu. Idan akwai dexamethasone ko betamethasone, ki daina ɗigawa yau. Kullum ana kawo mini zomayen da aka ɗiga wa wannan, ƙaramin miki a fatar ƙwayar ido ya zurfafa har idon ya fashe. Zomo ba ya jure irin waɗannan magunguna, garkuwarsa suke karyawa. Mai kemis bai taɓa leƙa idon zomo da fitila ba, da wane ilimi yake rubuta masa magani? Wasu har kafson ampiclox suke fasawa a ruwan sha. Wallahi wannan kisa ne: yana kashe ƙwayoyin hanjin da zomo ke narka ciyawa da su, gudawa ta ɗauke shi. Kwalli da ruwan sukari ma babu yanar da suka taɓa cirewa, babu kuma ɗigon da ke narkar da ita. Amanar dabbar nan tana wuyanmu.

Ki kai shi asibitin dabbobi a duba ko akwai miki. Idan ƙwayar cutar nan ce, akan ba da maganin fenbendazole, miligiram 20 a kowane kilo na nauyin zomon, kullum har kwana 28. Farin ba zai gushe ba, amma zomo mai ido ɗaya yana rayuwarsa lafiya idan ba a yawan sauya masa wurin kwano da ruwa.