Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Allon Skater XL Ba Ya Bin Hannuna?

Tambaya: Na sa Skater XL, wasan hawa allo mai tayoyi (skateboard), a kwamfutar gida, amma duk sanda na so in yi tsalle sai allon ya makara, ɗan wasan ya kife. Laifin kwamfutar ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, fara duba abin da kake riƙewa. Wannan wasa, da ya fito a 2020, an gina shi ne a kan na'urar wasa ta hannu irin ta Xbox ko PlayStation. A cikin ƙananan sandunanta biyu da ake juyawa da babban yatsa, sandar hagu ƙafar hagu ce, ta dama kuma ƙafar dama. Idan ƙafar hagu ce a gaba, ja sandar dama ƙasa ka sake ta, allon zai tashi. Don ya juya a sama, fizgi sandar hagu gefe daidai lokacin tashin. Yawancin masu koyo a nan suke gaggawa.

Makarar kuwa sau da yawa daga hoto take. Haɗa na'urar da wayar USB maimakon Bluetooth, ka kashe V-Sync (saitin da ke daidaita hoton wasa da saurin sikirin), ka rage inuwa a saitin wasan har hoton ya tsaya a firam 60, wato hotuna 60, cikin daƙiƙa. A firam 30, kowane hoto na ɗaukar kusan milisakan 33, kuma hannu yana jin wannan tazarar sosai. In laftof ce, jona ta da wuta, domin a kan batir tana rage ƙarfinta.

Idan ɗan wasan yana motsi ba ka taɓa komai ba, sandar ce ta fara lalacewa. Goge gindinta, in ta ƙi, sai a canza ta.