Amsa: Dillalin ɗan ƙwallo da ke neman kuɗin tafiya Turai

Malam, ka ce ƙanenka yana buga ƙwallo nan Damagaram, wani dillali kuma ya ce a haɗa masa kuɗi ya kai shi babban kulob a Turai, shin ku biya? Kada ku ba shi ko dala. Yaron ya fara samun gurbi a gasar ƙasa tukuna. Moussa Maazou ma, ɗan wasan Nijar, a kulob ɗin AS FAN ta Yamai ya yi suna, sannan Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2008. CSKA Moscow ta saye shi a 2009, amma zaman bai yi tsawo ba, sai aro zuwa Monaco da Bordeaux. To ina ga yaron da bai taɓa fita filin unguwa ba?

Sharuɗɗa uku nake kafawa kafin yaron ya tafi: kulob ɗin da kansa ya aiko takardar gayyata, ya biya tikitin jirgi, kuma yaron ya cika shekara 18, don galibi ƙa'idar FIFA ba ta yarda ɗan wasa ya koma kulob na wata ƙasa kafin nan ba. A unguwarmu an sayar da gona saboda irin wannan alkawari. Dillalin ya karɓi kuɗi da fasfo, wayarsa har yau a kashe take.