Amsar Kawu kan ɗage karatu saboda rashin lafiya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ya jiki? Allah Ya sa kaffara ne. Ka ce likita ya ba ka hutun wata uku, jami'arku ta can Ingila ta yarda ka ɗage zango, amma kana jin nauyi. Kana tambaya ko al'adarsu ce tun asali ko alfarma ake maka, da kuma ma'anar kalmar nan "aegrotat" da ka gani a takarda.

Al'ada ce mai tsohon tarihi. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta "ba shi da lafiya". A jami'o'in Kambirij da Okasfod na farkon ƙarni na 19, cin jarrabawa kaɗai ba ya ba da digiri. Sai ɗalibi ya cika adadin kwanakin da aka yanka masa a garin kowane zango, ya halarci addu'a a majami'ar kwaleji, ya ci abinci a zaure tare da jama'a. Wanda ciwo ya kayar, sai a rubuta masa wannan takarda, a ɗauke masa fita, a kai masa abinci har ɗaki.

Akwai yaron da labarinsa ke sosa mini rai, Henry Kirke White, ɗan mahauci daga Nottingham. Ya shiga kwalejin St John's a Kambirij a 1805, a sahun talakawan da ake rangwanta wa kuɗi. Tarin fuka na cin ƙirjinsa, shi kuwa ya ƙi sakin littafi, har ya zo na ɗaya a jarrabawar kwaleji. A watan Oktoba na 1806 ya rasu a ɗakinsa, yana da shekara 21. A lokacin likitoci ba su san ƙwayar cutar ba, sai 1882 Robert Koch ya gano ta. Abin da ke hannunsu shi ne tsaga jijiya a zubar da jini, kusan irin ƙahon wanzamanmu, ko su ce a je a canza iska.

Wani kuma a Amurka, Richard Henry Dana, ƙyanda ta taɓa masa ido. Ya bar jami'ar Harvard, a 1834 ya shiga aikin jirgin ruwa har Kalifoniya, ya dawo bayan shekara biyu, ya kammala a 1837, ya zama lauya.

Ni ma na ga irin na farkon da idona. Ina koyarwa a makarantar kwana, wani ɗalibina ya ɓoye tari saboda jarrabawa ta matso. Sai da muka ɗaga matashin kansa muka ga hankici jage-jage da jini. Ya warke, amma bayan wata shida yana shan magani a gida.

Don Allah ka sa hannu a takardar nan cikin makon nan. Ka kira mahaifiyarka ka faɗa mata da bakinka; kullum sai ta tambaye ni me ya sa muryarka ta dishe.