An ce in biya a ba ni CCNA cikin mako uku, in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne daga Zariya, na gama ND a kimiyyar kwamfuta, ina ɗan taɓa aikin netwok a shagon wani yayana: matse kan waya, saita rauta a gidaje, irin waɗannan. Wata cibiya ta ce za ta koya mana CCNA, satifiket ɗin aikin netwok na kamfanin Cisco, cikin mako uku, a ƙarshe kuma ta ba mu tambayoyin da ke fitowa a jarrabawar da amsoshinsu, wai ba a taɓa faɗuwa a wurinsu ba. Har sun ce wanda bai yarda da kansa ba, in ya ƙara kuɗi akwai mai zauna masa. Kuɗin da zan biya na adashin mahaifiyata ne, ita ta ce in ɗauka. Wallahi na kasa barci. Ina tsoron in zubar mata da kuɗi a banza, ina kuma tsoron in tsaya tsararrakina su wuce ni. Wane satifiket ya kamata in fara da shi, kuma wannan hanyar mai ɓullewa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka biya su. Ka mayar wa Hajiya kuɗinta ta ci gaba da riƙe maka, za su yi amfani nan gaba kaɗan, amma ba a hannun waɗannan mutanen ba.

Mu fara da lissafi. Manhajar CCNA ta Cisco Networking Academy kwas uku ce, kowanne an ƙiyasta masa awa 70, jimilla awa 210. Raba ta da kwana 21, ka ga awa goma ke nan kullum, har Juma'a da Lahadi, ba ɗauke wuta, ba zuwa jana'iza, kuma ba a sa lokacin da za ka zauna kai kaɗai kana maimaita gwaji ba. Duk wanda ya ce maka mako uku, shi ma ya san ba koyarwa zai yi ba.

Sannan ka tambaye su wace takarda za su ba ka. Da yawa daga cikin irin waɗannan wurare abin da suke bugawa takardar shaidar halarta ce, su manna tambarin Cisco a sama, yaro ya kai ta a yi mata leda yana murna. Wannan ba CCNA ba ce. CCNA jarrabawa ce guda ɗaya mai lamba 200-301, ta awa biyu, ana yin ta ta hannun kamfanin gudanar da jarrabawa na Pearson VUE, kuɗinta dala 300, kuma satifiket ɗin shekara uku yake yi kafin a sabunta. In ka ci, akwai lambarka a rumbun Cisco, akwai bajo a shafin Credly da mai ɗaukar aiki zai latsa ya ga sunanka. Abin da ba a iya tantancewa haka, ko da ruwan zinare aka rubuta shi, takardar cibiya ce kawai. In kuwa ka ga har yanzu suna tallar CCENT, tsohon satifiket ɗin Cisco na matakin farko, a allonsu, juya ka tafi, tun Fabrairun 2020 aka daina yin ta.

Batun wanne za ka fara da shi ba shi da tsawo. Tun 2023 Cisco ta fito da CCST Networking don masu shigowa, dala 125, kuma darussan share fagenta kyauta suke a shafin makarantar tasu tare da Packet Tracer, manhajar kwamfutar da ake gwada haɗa netwok a cikinta ba tare da na'urori na gaske ba. Network+ ta CompTIA tana da kyau, ba ta ɗaure ka da kayan kamfani ɗaya, sai dai kuɗinta ya haura na CCNA, a aljihu irin naka ban ga dalilin yin duka biyun ba. Akwai kuma MTCNA ta MikroTik, wadda a ganina ta fi kusa da abincinka na yau, domin otal-otal da gidajen kwanan ɗalibai da masu sayar da tikitin Wi-Fi a unguwa yawanci kayan MikroTik za ka tarar a wurinsu. Ita sai ka zauna aji wurin malamin da kamfanin ya amince da shi, sunayensu na shafin kamfanin, tambaya 25 cikin awa ɗaya, ana ci da kashi 60. Kai da ka riga ka yi ND kuma hannunka na kan waya, shawarata ka bi darussan kyauta ɗin, ka ba CCNA wata shida na karatu na gaske, MikroTik kuma ka koye ta a bakin aiki.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi tambayarka cikin waɗanda suka zo, wato tambayoyin nan da za su ba ku, waɗanda ake kira dumps. Kusan kullum sai wani ya ce mini: ai Injiniya kamar tsofaffin tambayoyin WAEC ne, kowa na karantawa. Na gaji da jin wannan maganar. Tambayoyin WAEC na bara an riga an yi jarrabawarsu an gama, an buga su ana sayarwa a kasuwa, bana kuma wasu za a yi. Waɗannan kuwa tambayoyi ne masu rai, waɗanda gobe da safe wani zai gani a gabansa, wani ne ya shiga ɗakin jarrabawa ya kwaso su bayan ya sa hannu a yarjejeniyar cewa ba zai fitar ba. Kai ma wannan yarjejeniyar za ka amince da ita kafin tambaya ta farko ta buɗe. Satar amsa ce, ba ta da wani suna. Hukuncinta a rubuce yake: a soke sakamako, a ƙwace satifiket, a hana mutum sake zama jarrabawar Cisco, wani lokaci har abada. Kuma ba sai an kama ka da takarda a safa ba. Suna nazarin yadda aka amsa: doguwar tambaya da ke buƙatar minti biyu ka amsa ta cikin daƙiƙa biyar, ga kuma amsoshin kuskure iri ɗaya sak da na wasu ɗaruruwa. Domin kundin nan cike yake da kurakurai, wanda ya haɗa shi ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne.

Shi kuwa mai zauna maka, ban ma san ta ina zan fara ba. Za ka miƙa wa mutumin da sana'arsa ha'inci ce hoton fasfonka, da kalmar sirrin asusunka, ka bar shi ya shiga kwamfutarka daga nesa. Ranar da ya karɓi kuɗi ya kashe waya, wa za ka kai wa ƙara, ka ce an cuce ka a wace harka?

Amma bari mu ɗauka ba a kama ka ba, ka ci, bajo ya fito. Nan ne ainihin matsalar take, kuma nan ne nake haɗuwa da masu irin wannan satifiket. Idan yaro ya zo neman aiki da CCNA a hannu, ba na tambayarsa ma'anar OSPF, wato tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyin da suka sani. Takarda nake miƙa masa in rubuta 192.168.10.77/26, in ce a wane yanki wannan adireshin yake, ina ya fara, ina ya ƙare, na'ura nawa zai ɗauka. Wanda ya yi karatu kafin in ajiye biro ya ce daga .64 zuwa .127, na'ura 62. Ɗan hadda sai ya kafa wa takardar ido yana jiran zaɓi huɗu su bayyana. Abin takaicin, wannan tambayar ko mai kama da ita ya amsa ta daidai a jarrabawa.

An taɓa kirana wata makaranta mai zaman kanta da safe, ɗalibai na zaune za su yi jarrabawar gwaji a kwamfuta, kusan rabin ɗakin ba sa ganin saba, wato babbar kwamfutar da jarrabawar ke kanta. Ma'aikacinsu mai satifiket ne. Na same shi ya jiƙe da gumi, ya kashe suwic, akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa, ya kunna, ya canza wayoyi, har ya fara cewa a sayo sabon suwic. Na zauna a kwamfuta ɗaya daga cikin marasa lafiyar na buga umarnin ipconfig don in ga adireshinta. Adireshinta 192.168.0 da wani abu, alhali netwok ɗin makarantar a wani layin yake daban. Ke nan akwai mai raba adireshi na biyu a cikin gidan. Muka bi waya har ofishin akawu, sai ga ƙaramar rauta ta gida a bayan kabad, ya kawo ta don ya samu Wi-Fi a wayarsa, ya soka ta a bango ta ramin LAN. Muka zare, aka sabunta adireshi, ɗaki ya tashi. Maganin hana faruwar haka, DHCP snooping, wato saita suwic ya toshe duk mai raba adireshin da ba a amince da shi ba, yana cikin manhajar CCNA baƙi da fari. Yaron ya san sunan, ya san harafin da ake zaɓa idan an tambaya, bai taɓa ganin cutar da aka yi maganin dominta ba.

Kada ka ɗauka shi kaɗai abin ya shafa. Mai makarantar nan gobe in wani ya kawo masa CCNA ta gaskiya, wadda ya yi wata shida yana hana idonsa barci a kanta, kallon ɗan damfara zai yi masa. Haka ake kashe kasuwa. Sai ka ji ana kukan cewa an ɗauko mutane daga Legas sun zo sun yi aikin da yaranmu za su iya, to wa ya zubar da darajar takardar? Masu ɗaukar aiki ma ba zan wanke su ba. Ofishi mai kwamfuta goma sha biyar da firinta ɗaya ya buga talla yana neman CCNA da gogewar shekara biyar, albashin kuwa ko kuɗin mota bai kai ba, kuma wanda zai tantance takardun bai san bambancin rauta da suwic ba, fotokwafi kawai yake ƙirgawa. Su suka koya wa yara cewa takarda ake saye. Amma ranar da netwok ya faɗi ba za a kira jami'in ɗaukar ma'aikata ba, kai za a kira, kuma kowa na tsaye a kanka.

Wani zai ce to in na yi karatun, a ƙarshe na ɗan leƙa don in tabbatar fa? A'a. Ban da haramcinsa, yana lalata maka ma'auni: za ka riƙa cin kashi 95 a gida kana jin ka iya, alhali ganin tambayar ka saba da shi. Jarrabawar yanzu kuma tana da sashen gwaji inda za a ba ka na'ura ka buga umarni da hannunka, kuma in ka wuce tambaya ba a komawa baya. Akwai tambayoyin gwaji na halal da marubutansu suka ƙirƙira daga manhaja, suna bayanin dalilin kowace amsa. Alamar na sata ita ce alƙawarin cewa abin da ka gani shi zai fito.

Kuɗin Hajiya ga inda zan so su tafi. Dala 300 ɗin ka lissafa da canjin ranar ka ware, kada a taɓa. Cikin sauran, in RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutarka, ba ta kai 8GB ba ka ƙara mata, ka sayi ƙaramar rauta ta MikroTik, da suwic na hannu wanda ake iya saitawa, da testa ta gwada waya. In ka shiga Kano, a titin Beirut za ka samu. Ka yi VLAN, wato raba suwic ɗaya zuwa netwok daban-daban, a Packet Tracer, sannan ka yi shi a kan na'ura ta gaske, ka ɓata da gangan ka gyara. Ka soka kan waya ɗaya da ƙarshenta a suwic maras saiti ka ga yadda fitilu ke ƙyaftawa tare komai ya tsaya, don ranar da ka gan shi a wurin aiki ka gane shi daga bakin ƙofa. Ka buɗe Wireshark, manhajar kwamfutar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a netwok, ka kalli matakai huɗun da kwamfuta ke bi ta karɓi adireshi.

Akwai kuma abin da ba jarrabawar da za ta koya maka sosai. Kwalin waya mai mita 305 da ka ga ya yi araha fiye da kima, kankare silin da wuƙa: in fari ya fito a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, zai ba ka kunya a doguwar tafiya, musamman in kyamara ko na'urar Wi-Fi na shan wuta ta cikinsa. Kada ka wuce mita 100 don mai gida ya ce a lallaɓa. Ka sa wa kowace waya lamba a kai da ƙarshe, ka zana taswirar duk aikin da ka yi a shagon yayanka, ka ɗauki hoto kafin da bayan. Cibiyoyin CBT da JAMB ke tantancewa kwamfuta 250 ake nema a kan waya, kuma masu su suna neman wanda aikinsa ke da tsabta, irin wannan kundin hotunan suke son gani.

In kana da niyyar komawa makaranta, a 2024 hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta rarraba HND ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki netwok ne da fasahar kilawud, ka duba kwalejin da ta fara. In kuma ajin CCNA kake so da malami, ka nemi wurin da sunansa ke cikin jerin makarantun Cisco Networking Academy a shafinsu, waɗanda suka kammala da maki mai kyau kan samu rangwamen kuɗin jarrabawa.

Ranar da ka ga kana raba adireshi da ka, kana haɗa rauta uku da OSPF ba tare da leƙa littafi ba, to ka yi rajista da kanka, da imel ɗinka, kada wata cibiya ta buɗe maka asusu ta riƙe kalmar sirri. In aka faɗi sai an jira kwana biyar a sake biyan kuɗi cif, don haka kada ka yi gaggawa. Kuma ka duba sunanka harafi bayan harafi: in Muhammad ne a katin shaidarka ka rubuta Mohammed a rajista, ko ka juya sunan mahaifi ya koma gaba, ana iya mayar da kai daga bakin ƙofa kuɗin kuma su tafi. Ka gyara wannan tun kafin ka zaɓi rana.