Me ya sa jirgin yaƙin da na sa wa kwalekwale yake ƙin tashi daga ruwa?

Tambaya: Ina ƙera jirage a wasan tuƙin jirgin sama na kwamfuta. Na cire tayoyin wani jirgin yaƙi, na maƙala masa kwalekwale biyu a ƙasa, amma da na ba shi wuta sai ya yi ta sukuwa a kan ruwa, ko ya kife. Ina gyaran yake?

Amsa: Fara duba girman kwalekwalen. Ƙa'idar jiragen ruwa-da-sama ita ce kwalekwalen su iya ɗaukar nauyin jirgin da ƙarin kashi 80 cikin ɗari. Idan jirginka kilo 2,800 ne, su biyun sai sun iya ture lita 5,040 na ruwa (lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce), kowanne 2,520.

Amma sukuwar nan, galibi daga matakala take. Ƙasan kwalekwale yana da wata gaɓa da aka yanke kamar matakala, wadda ke shigar da iska ta raba bayansa da ruwa. In babu ita, ruwa zai riƙe jirgin komai ƙarfin injin. Ka sa ta ɗan bayan cibiyar nauyin jirgin kaɗan, wato wurin da nauyin gabansa da na bayansa suka daidaita. Ta yi gaba da yawa, hanci ya riƙa ɗagawa yana faɗuwa. Ta yi baya da yawa, hanci ya nutse, ɗaga shi ya yi wuya. Ka riƙa matsar da ita santimita biyar-biyar kana gwadawa. Bayan kwalekwalen kuma ya karkata sama, don jirgin ya sami damar ɗaga hanci.

Sai wutsiya. Kwalekwale yana ƙara faɗin gefe a gaban cibiyar nauyi, jirgin ya riƙa karkacewa. Shi ya sa da kamfanin Nakajima na Japan ya mai da jirgin yaƙin Zero zuwa mai sauka a ruwa da ake kira A6M2-N, ya ƙara girman abin juya wutsiya, ya sa ƙaramin fiffike a ƙarƙashinta. Turawan Ingila ma haka suka yi wa jirgin yaƙinsu Spitfire da suka gwada a Masar a 1943.

Wutar ma a hankali za ka ba shi, domin juyin farfela yana danna kwalekwalen gefe ɗaya cikin ruwa.

Kada ka bar masa gudunsa na da. Zero tana kai wa kilomita 530 a awa, A6M2-N kuwa wajen 435 ta tsaya. Ka ƙara tirjiyar iska da nauyi har gudun naka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ka kuma rage saurin mirginawarsa.