Me ya haɗa Andrew Johnson faɗa da majalisar Amurka?

TAMBAYA: Malam, na ji an ce majalisar Amurka ta taɓa yunƙurin tsige wani shugaba jim kaɗan bayan yaƙin basasarsu. Wane ne shi, kuma me ya yi? Daga wata ɗalibar tarihi a Zariya.

AMSA: 'Yata, Andrew Johnson ne, mataimakin da ya gaji kujera a Afrilun 1865 da aka harbe Abraham Lincoln. Tela ne asalinsa, ɗan jihar Tennessee ta Kudu, kuma ɗan jam'iyyar Dimokurat, alhali majalisa tana hannun 'yan Rifublikan.

A takarda, laifinsa korar ministan yaƙi Edwin Stanton ne ba da yardar Majalisar Dattawa ba, abin da wata doka ta 1867 ta hana. Amma ni a ganina wannan dokar tarko ce aka ɗana masa, shi kuma ya taka da gangan. Ainihin rigimar ita ce: wa zai yanke makomar jihohin Kudu da aka ci da yaƙi, da bayi kusan miliyan 4 da aka 'yanta?

Johnson ya yi ta rabon afuwa ga tsofaffin 'yan tawaye, ya bar su suka koma kan mulkin jihohinsu, suka kafa dokokin da suka mayar da baƙar fata kusan gidan jiya. Har jihar Georgia ta zaɓi Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan awaren, ya tafi Majalisar Dattawa! Majalisa ta ƙi ba shi kujera. Da ta zartar da dokar kare haƙƙin 'yantattu a 1866, Johnson ya hau kujerar na-ƙi, su kuma suka tsallake shi da rinjayen kashi biyu bisa uku. Sau 15 suna yi masa haka.

A Fabrairun 1868 Majalisar Wakilai ta tuhume shi da ƙuri'a 126 da 47. A watan Mayu, dattawa 35 suka ce a tsige shi, 19 suka ƙi. Ƙuri'a ɗaya tak ta cece shi, domin sai da rinjayen kashi biyu bisa uku, wato ƙuri'a 36, za a tsige shi. 'Yan Rifublikan 7 ne suka saɓa wa jam'iyyarsu, kuma akwai waɗanda ba don son Johnson suke ɗari-ɗari ba: da an tsige shi, Sanata Benjamin Wade, shugaban riƙo na Majalisar Dattawa, ne zai gaje shi, su kuwa suna ganin zafin ra'ayinsa ya yi yawa.

Johnson ya ƙarasa wa'adinsa a Maris 1869, har ya dawo sanata a 1875. Dokar da aka kama shi da ita kuwa, an soke ta a 1887.