Ga 'yar'uwar da aka yi wa aikin haihuwa

Barka da arziki 'yar'uwa, Allah Ya raya. Kin ce kwana huɗu ke nan da aka yi miki aiki, ciwo ya hana ki sakat, kuma kina gudun magani saboda shayarwa. Ni ma sau biyu aka yi mini a nan Kumasi.

Abin da ya fi taimaka mini filo ne. In tari ko atishawa ta zo, ki danna shi a kan ɗinkin da hannu biyu. In za ki tashi kuma, kada ki miƙe kai tsaye. Ki juya gefe, ki sauke ƙafafu ƙasa, ki tura jikinki da gwiwar hannu. A haihuwar fari ban san haka ba, kullum da hawaye nake tashi.

Sai tafiya. Na san ba ki son jin wannan, amma rabin ciwon da nake ji ashe iska ce ta taru a ciki. Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo a tsakar gidanmu na Aboabo, ina dafe da bango, haka na fara. Tafiyar ita ke motsa hanji, tana kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Ki yawaita shan ruwa, ki ci gwanda da miyar ayoyo don kada bayan gida ya yi tauri. Murɗawar mara lokacin ba da nono, mahaifa ce ke komawa, kwanaki kaɗan ne. Ki shayar a kwance ta gefe.

Inda nake roƙonki shi ne wankan jego. Goggona ta zo da tawul da tafasasshen ruwa za ta gasa mini ciki, na ce ta yi haƙuri nas ta hana. Ta yi fushi, daga baya ta huce. Ruwan ɗumi ya isa, ki bar wurin a bushe. Kada ki ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi har sati 6, ranar suna ma ki gaisa ki koma ki kwanta.

Maganin da aka rubuta miki kuwa ki sha, sun san kina shayarwa. In kin ga zazzaɓi, ruwa ko wari daga ɗinkin, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kada ki jira ranar komawa, a kai ki asibiti a ranar.